Kwana Uku Ba Wuta a Gidan Aniello

"Ku karkata shi hagu! Hagu na ce, kansa zai bugi bango!"

A kan kujerar cin abinci suka ɗauko shi, su huɗu, don matakalar gidan ba ta da faɗin da za a haura da mutum a kwance. Sabatino mai gyaran laima ne a ƙasa. Ƙafar kujerar tana cin kafaɗarsa, yana jin nauyin amininsa na shekara sittin yana sauko masa taki bayan taki. Shi kuwa Aniello, wanda ya yanke jiki ya faɗi a bakin tanderu ɗazun nan, fuskarsa ta yi fari kamar fulawar da ke hannunsa, amma bakinsa bai mutu ba.

"Akwai fiza biyu a ciki," ya ce, yana haki. "Rafilina! Biyu a ciki, ta hagun ta kusa ƙonewa!"

"Baba, don Allah ka yi shiru," 'yarsa ta amsa daga ƙasa.

"Ta Don Catello ce. Ba ya son gefe ya yi baƙi."

"Ga ni nan ɗauke da kai," in ji Catello, tsohon direban bas da ake girmamawa da laƙabin Don, wanda ke riƙe da bayan kujerar. "Na yafe fizar."

"Ka yafe? Shekara talatin kana min ƙorafi, yau ka yafe? To lallai mutuwa zan yi."

Ba wanda ya yi dariya sai Sabatino, shi ma ta fito masa kamar tari. A saman bene matar Aniello, Donna Fortuna, tana tsaye ta riƙe ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "A hankali da ƙafarsa," ta matsa suka wuce.

Likita ya zo da yamma, ya ce zuciya ce, kuma ta gaji. Ya ce a kai shi asibiti. Aniello ya ce a gadon nan aka haife shi, ba shi da niyyar ya sa mutuwa ta yi ta yawon nemansa a cikin gari. Likitan ya dubi Fortuna, Fortuna ta dubi bango. Haka aka bar maganar.

Shagon Aniello ba wani abin kallo ba ne. A duk birnin Napoli, in ka cire 'yan lungun, da wuya ka sami mutum goma da suka san da shi. Tebur biyar ne na marmara, ɗaya ƙafarsa gajera ce, an tokare ta da guntun katako tun Rafilina tana rarrafe. Tanderun ya cinye rabin ɗakin, ya kwanta a kusurwa kamar ƙatuwar kaza a kan ƙwai. Fiza iri biyu ake yi: mai tumatir da tafarnuwa, da mai tumatir da cuku da ganyen ɗoɗɗoya. Wanda ya nemi iri na uku sai a nuna masa hanyar babban titi. Da damina da hunturu gilashin ƙofar yakan yi gumi har ba a ganin waje, tsofaffi su shigo su zauna da rigunan sanyinsu, wani ma ba cin komai zai yi ba, ƙashinsa kawai ya kawo ya sha ɗumi. Da safe, kafin a ƙara itace, matan lungu kan kawo tukwanen wake a tura musu ciki su dahu da zafin jiya. Ba a taɓa jin an hana wata ba.

Hannun Aniello na dama ba shi da gashi ko ɗaya har gwiwar hannu, girarsa ta dama kuma ta fi ta hagu gajarta. Bai yarda da ma'aunin zafi ba. Yakan leƙa ya dubi ƙubbar tanderun: in bulon ya yi fari, wuta ta kai. A nan ne, in mutum ya kafa ido, zai ga tsagar. Siririya ce kamar gashin doki, ta tashi daga bakin tanderun ta hau har tsakiyar ƙubbar. Girgizar ƙasa ta shekarar tamanin ce ta bar ta. Aniello ya ce zafi ne ke kumbura bulon su matse juna su riƙe kansu, ranar da suka huce suka saki, rufin zai zauna. Tun daga ranar bai ƙara barin tanderun ya yi sanyi ba. Ko a watan Agusta da kowa ke rufe shago ya tafi bakin teku, shi yana nan, itace uku da safe, uku da yamma. Ko maganarsa gaskiya ce, ba wanda ya sani, tunda ba a taɓa gwadawa ba.

Ɗakin Sabatino yana manne da shagon, bango ɗaya ya raba gadonsa da bayan tanderun. Shekara tara ke nan da rasuwar matarsa Nannina, kuma tun lokacin da bangon nan yake jingina bayansa in zai kwanta. Da rana tsaka ya ajiye laimomin da ba mai kawowa gyara yanzu sai jefi-jefi, ya taka taku bakwai zuwa teburin nan mai gajeren ƙafa. Ya ƙirga takun, bakwai ne. Iyakar duniyarsa ke nan, kuma ba ta taɓa yi masa ƙunci ba.

Rafilina ta ci gaba da aikin shagon. Mace ce mai shekara arba'in da biyar, mai faɗin kafaɗa irin na ubanta, tun tana 'yar sha huɗu take murza kwaɓi a gefensa. Ɗakin kwanan iyayenta yana daidai saman tanderun, shi ya sa daɓensa ke da ɗumi kullum. Aniello yana kwance, ya saki hannunsa marar gashi ya sauka daga gado har tafin ya taɓa ƙasa. Da haka yake sanin abin da ake yi a shagonsa.

A rana ta huɗu, da azahar, Fortuna ta sauka sayo kyandir. Sabatino na zaune a gefen gado, hularsa a kan gwiwa.

"Tura ƙofar nan," in ji Aniello. "Sabati, ka san Fortuna. Ina cikawa za ta sauka ta kashe min wuta."

"Wa ya ce maka cikawa za ka yi? Irinku ai..."

"Kai, bar wannan. Ka ajiye wa mata irin zancen nan."

Sabatino ya juya hularsa. "Al'ada ce, Aniello. Ba a hura wuta a gidan mamaci sai bayan kwana uku. Kai ma ka sani."

"Ni za ka koya wa? Wa ya yi ta kai maka romo da taliya kwana uku da Nannina ta tafi? Na sani sarai. Amma kwana uku a Janairu, da ruwan nan, tanderun ba zai kai ba. In ya faɗi kuwa shi ke nan. Na tambaya, an ce min ba za a ba da izinin gina sabon na itace a lungu mai ƙunci irin wannan ba. Rafilina ta ce ita ba za ta tsaya gaban akwatin lantarki ba. Ɗanta yana can Jamus yana ta kiranta. Za ta tafi. Su mai da shagon ɗakin kwanan baƙi masu yawo da jaka mai taya."

"To ka gaya wa Rafilina mana."

"'Yar mamaci ce, ba ta isa ta tsallake maganar uwarta a ranar ba. Kai kuwa ba ɗan gida ba ne."

"Ni laima na sani, Aniello. Ko ƙwai ban iya soyawa ba."

"Shekara arba'in kana satar min zafi ta bango, tsohon ɓarawo, ka zaci ban sani ba? Ba ni hannunka. Kar ka bari ya huce. Abin da na ce ke nan, ban ce ka soya ƙwai ba."

Sabatino ya ba shi hannu. Tafin Aniello yana da ɗumin daɓe, yatsun kuwa sanyi ƙalau.

Ranar Litinin ya rasu, wajen ƙarfe goma na safe, ana yayyafi. Sabatino na wurinsa. Can sai Aniello ya motsa yatsunsa a ƙasa ya ce, "Ta cika itace. Je ka ce mata ta rage." Sabatino ya sauka ya faɗa wa Rafilina, ta ce, "Biyu fa kawai na sa, Kawu." Suka ɗan yi musu a kan haka. Da ya hauro, ya tarar da Fortuna ta ɗauke hannun daga ƙasa ta ɗora a kan ƙirji, tana ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle.

Kafin sha biyu ta sauko cikin baƙaƙen kaya. Shagon ya cika da mutane, amma ba mai magana, sai ƙarar itace a cikin wuta.

"Rafilina, kwashe ta."

"Mama..."

"Kwashe ta na ce."

Sabatino ya matso. Bai saba magana a gaban jama'a ba, sai muryarsa ta fito siririya. "Donna Fortuna, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Ya bar min magana. Ya ce kar a bari ya huce."

"Na sani. Ka zaci ban ji ku ba? Matakalar nan takarda ce."

"To ko garwashi kaɗan ne, a can ƙurya. Ba wanda zai gani."

"Hayaƙi fa? Shi ma ba wanda zai gani?" Ta juyo ta fuskance shi sosai. "Don Sabatino, da uwata ta rasu, ubana ya ɗora kofi a rana ta biyu. Kofi ɗaya. Har ya mutu matan lungunmu suna cewa ga wanda bai iya jiran matarsa ta huce ba. Mijina yana kwance a sama, kai kuma kana so a hura wuta a ƙarƙashin gawarsa kamar abin gashi? Shekara arba'in da shida ina aurensa. Ranar auren yarinyar nan ya fita daga coci ana tsakiyar addu'a, ya zo ya sa itace ya koma. Ban taɓa kwana a bakin teku ba ko sau ɗaya. Na ba tanderun nan duk abin da ya nema. Kwana ukun nan nawa ne."

Rafilina ta ɗauki dogon ƙarfen jan wuta, ta jawo garwashin cikin bokiti, hawaye na zuba a kan hannunta. Catello ya fitar da bokitin lungu ya ajiye a cikin ruwan sama, ya yi ta cuu yana tururi, mutane suna kallo daga baranda. Aka share toka, aka sa murfin ƙarfe a bakin tanderun. Aka sauke ƙofar shagon rabi.

Sabatino ya koma ɗakinsa ya ɗora tafi a bango. Da zafi tukuna, kamar goshin mai zazzaɓi. Ya zauna a bakin gado yana tunanin ya shiga ta baya da garwashi a cikin gwangwani. Ya yi tunanin fuskar Fortuna, ya fasa. Ya yi tunanin hannun Aniello, ya miƙe. Ya sake zama.

Wajen ƙarfe uku ya ji muryar Donna Titina ta bene na biyu a ƙofarsa. Ita ce ta fara kawo abincin makoki, kamar yadda ta saba a kowace mutuwa ta lungun.

"Kai mai laima! Fito ka kama min kwandon nan, ko kai ma ka mutu ne ba a faɗa mana ba?"

Ya fito ya karɓa. Kwandon ya yi masa nauyi fiye da ƙima, gindinsa kuma yana ƙona masa cinya.

"Me kika sa a ciki, Donna Titina? Dutse?"

"Bulo ne, me zan sa? Na gasa shi na sa a ƙarƙashin tukunya. Da me za su ɗumama romon in ya huce, da numfashinka? Bulon gadon kakata ne, ka yi a hankali, ya girme ka."

Sabatino ya tsaya cak a tsakiyar lungu, ruwa na sauka a kan hularsa.

"Tafi mana! Ka tsaya kamar gunkin coci."

Da suka hau, ya jira har masu gaisuwa suka ragu. Sannan ya durƙusa kusa da kujerar Fortuna ya nuna mata bulon, naɗe a cikin tsohon tawul.

"Donna Fortuna, wannan wuta ce?"

Ta dube shi, ta dubi bulon. "Bulo ne."

"In an gasa shi a gidan wani aka kawo gidanki, an karya al'ada?"

Kyandir huɗu na ci a kusurwoyin gadon. Daga baya ta ce, "Abin da aka dafa a waje, a shigo da shi. Haka aka saba. Amma kar na ji ƙarar ashana a gidana."

Kusan kowane tsohon gida a lungun yana da irin bulon nan, na ɗumama gado tun zamanin da ba a san hita ba. Wasu a ƙarƙashin gado, wasu an mai da su matokarin ƙofa. Na Titina an zana masa gicciye da ƙusa. Na Catello ya yi santsi kamar sabulu. Wata mata ta kawo wanda ta ce mijinta ya ɗauko daga rusasshen gidansu bayan yaƙi, ta ce a mayar mata da shi ko da a gutsure. Kafin magariba an tara ashirin da uku. Gida takwas suka kunna tanderun gas na kicin ɗinsu. Bulo ya yi awa ɗaya a ciki, a naɗo shi a tawul, a zuro shi a kwando daga baranda, Sabatino na ƙasa yana jira. Ya ruga da shi shago, ya ɗage murfin ƙarfe, ya ɗora bulon a kan dogon cebur ɗin katako na Aniello ya tura can ciki, ya jawo wanda ya huce, ya rufe da sauri.

Ranar Talata haka ya wuni. Ya ƙone a yatsu uku. Ya hau barandar Titina ya miƙa hannu ya ɗaure wata babbar baƙar laima a kan bututun hayaƙi don kar ruwa ya shiga, ya toshe bakin da tsumma, Titina na riƙe da bel ɗinsa tana cewa in ya faɗo ita ba za ta sake yin wani romon ba. Masu zuwa gaisuwa daga wasu unguwanni suka yi ta tsayawa suna kallon kwanduna na sauka da hawa.

Catello ya zauna a shagon yana kallonsa. "Sabati, in faɗa maka gaskiya? Duk buɗewar da kake yi, abin da ke fita ya fi abin da kake sawa."

"Na sani."

"Tanderun da ke cin itace kamar jirgin ƙasa, shi za ka ciyar da bulon tsofaffin mata?"

"Na ce na sani! Kana da wata dabarar? In ba ka da ita, tashi ka karɓo na gidan Titina."

Catello ya tashi ya karɓo.

Rafilina takan sauko jefi-jefi. Ba ta taɓa bulon, sai dai ta zura hannu cikin tanderun har kafaɗa, ta rufe ido. Da safe ta ce, "Zai dafa wake." Da la'asar ta ce, "Zai busar da wanki." Ba ta ce komai game da Jamus ba, amma Sabatino ya ji wayarta na ƙara a aljihu sau uku, tana kashewa.

Ranar Laraba ce jana'iza. Ruwan ya tsaya, amma iskar arewa ta taso, mai shiga ƙashi. Duk lungun zai tafi, kowane shago ya rufe, kowace mata ta kashe gas ɗinta, don ba mai barin wuta a kunne ya fita. Daga coci zuwa maƙabartar kan tudu da dawowa, ba ƙasa da awa biyar ba. Sabatino ya riga ya yanke shawara. Ya karɓi mabuɗan gida uku, zai zauna shi kaɗai ya yi ta hawa da sauka.

Aka sauko da akwatin gawar a tsaye-tsaye ta matakalar nan. Fortuna na biye. Da ta iso ƙasa ta gan shi a bakin shago da tawul a kafaɗa, ba kwat.

"Ina kwat ɗinka?"

"Donna Fortuna, ni zan tsaya. Shi da kansa zai fi so..."

"Shi ya riga ya so abin da zai so." Muryarta ta karye a karon farko. "'Yan'uwansa duk sun mutu. Kai kaɗai ka san shi tun yana yawo ba takalmi. Za ka bari ya hau tudun nan ba kai saboda tulin bulo? Wa zai riƙe min hannu? Catello, da ke tafiya kamar bas ɗinsa?"

Masu ɗauke da akwatin suna jira. Lungu duka na jira. Sabatino ya dubi murfin ƙarfen ta ƙarƙashin ƙofar da aka sauke rabi. Ya riga ya tura bulo shida masu zafi minti kaɗan da suka wuce. Ya shiga ɗakinsa ya sa kwat.

Bai ji abin da fada ya faɗa a coci ba. A hanya Fortuna ta rataya a hannunsa, ba ta da nauyi ko kaɗan, ya yi mamakin yadda mace mai irin wannan murya ba ta fi laima biyu nauyi ba. A maƙabarta iska ta yi ta ɗaga furanni tana watsarwa. Yana tsaye yana kallon ana tura akwatin cikin kabarin da aka rarake a jikin bango, da ƙafa aka fara, a hankali, sannan aka kawo murfin dutse. Ya kawar da kai. A zuciyarsa yana ta lissafi: yanzu na Titina ya huce, yanzu na Catello.

Ƙarfe uku da rabi suka dawo. Bai ko cire kwat ba ya hau gidan Titina ya sa ta kunna gas. Ya leƙa ɗakinsa ya taɓa bango. Bango ne kawai, irin na kowa. Bai buɗe murfin tanderun ba, don kar ɗan abin da ya rage ya fita kafin bulo ya yi zafi. Ya zauna a teburinsa mai gajeren ƙafa yana jira. Rafilina ta shigo ta zauna a gabansa.

Kwandon farko ya sauko bayan awa ɗaya. Ya je ya karɓo, ya dawo da bulon rungume a ƙirji. Sai ga Fortuna a ƙasan matakala. Ba takalmi a ƙafarta, safa ce kawai, baƙa. A hannunta akwai kwalin ashana.

"Na cire takalmi na taka ɗakin," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ƙasan sanyi. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa..." Ta gyara tsayuwa. "A gidanmu da ranar rasuwa ake ƙirgawa. Litinin, Talata, Laraba. Uku ke nan. Ungo, Rafilina. Ki fara da ƙanana, kar ki cika masa."

Rafilina ta karɓi ashanar. Ta ɗebo ƙirare daga ƙarƙashin tanderun. Ta kama murfin ƙarfen da hannu biyu ta ɗage ta jingine a gefe. Ta sunkuya za ta zura ƙiraren, sai ta tsaya.

"Mene ne?" in ji Fortuna.

Sabatino ya matso ya leƙa ta saman kafaɗarta. Da farko bai ga komai ba sai duhu da bulon maƙwabta a jere. Sannan ya ji wani ɗan sauti, siriri, kamar ana tankaɗe. Daga tsakiyar ƙubbar, inda tsagar ta ƙare, bulo ɗaya ya zamo ƙasa da 'yan'uwansa da kamar faɗin yatsa biyu, na kusa da shi ma sun sunkuyo. Ta gefensa wani abu na zubowa kamar zare.

"Yashi ne," in ji Rafilina a hankali. "Yashin teku. Kakana ya zuba shi a saman rufin don ya riƙe zafi. Baba ya ce ranar da na gan shi a ciki, kar na ƙara sa hannuna."

"A tokare shi mana," in ji Sabatino. "Da ƙarfe. Ina da ƙarafan laima, masu ƙarfi, na da. In aka hura wuta yanzu ai zai kumbura ya..."

"Kawu."

Ya ja da baya.

Rafilina ta mayar da ƙiraren inda ta ɗebo su, ɗaya bayan ɗaya. Ta ajiye ashanar a kan marmara. Fortuna ta jawo kujera ta zauna daidai bakin tanderun, ta haɗa ƙafafunta masu safa, ta ɗora hannu a cinya. A waje Titina na kira daga baranda, wai ga na biyu ya yi zafi, a zo a karɓa kafin ya huce.

Ba wanda ya fita. Sabatino na tsaye da bulon a ƙirji, zafinsa na ratsa tawul da kwat, bai san inda zai ajiye shi ba. A cikin tanderun yashin ya ci gaba da zuba, fari, busasshe, yana taruwa a kan bulon wata maƙwabciya har ya fara gangarowa ta gefe.